Ferguson: Yadda Majalisar Gari Ta Mayar Da 'Yan Sanda Masu Karɓar Haraji

Ferguson ƙaramin gari ne a bayan birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka, wanda bisa ƙidayar shekara ta 2010 mazaunansa ba su wuce dubu 21 da 'yan kai ba. Duniya ta san sunansa ne a ranar 9 ga watan Agustan shekara ta 2014, lokacin da wani ɗan sanda farar fata mai suna Darren Wilson ya harbe Michael Brown, wani matashi baƙar fata ɗan shekara 18 wanda ba ya ɗauke da makami.

Gawar matashin ta yi kimanin sa'o'i huɗu a kan titi. Zanga-zanga ta ɓarke, aka ƙona kantuna, har gwamnan jihar na lokacin, Jay Nixon, ya tura dogarawan tsaron ƙasa. A ranar 24 ga watan Nuwamba kwamitin da ke tantance ko akwai hujjar gurfanarwa ya yanke shawarar ba za a tuhumi Wilson ba, lamarin da ya sake tayar da tarzoma.

A ranar 4 ga watan Maris na 2015 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar da rahotanni biyu. Na farko ya ce babu shaidar da za ta sa gwamnatin tarayya ta gurfanar da Wilson. Na biyu kuwa ya bar batun harbin ya koma kan yadda ake mulkin garin, inda ya gano cewa mafarin rashin jituwar 'yan sanda da jama'a yana cikin kasafin kuɗin da majalisar garin ke zartarwa kowace shekara.

Wane ne ke da iko?

Saɓanin Najeriya inda rundunar 'yan sanda ɗaya ce a hannun gwamnatin tarayya, Amurka tana da hukumomin tsaro na 'yan sanda kimanin dubu 18, kuma akasarinsu ƙananan hukumomi ne ke riƙe da su. Garin da ya kafa rundunarsa, shi ne mai biyan albashi, shi ne mai naɗa shugaba, shi ne kuma mai tsara abin da za a fi mayar da hankali a kai.

A gundumar St. Louis abin ya wuce gona da iri. Tun a 1876 birnin St. Louis ya ɓalle daga gundumar, kuma ya zuwa 2014 gundumar tana da garuruwa masu cin gashin kansu kimanin 90, da kotunan gari 81, da rundunonin 'yan sanda kusan 60. Direba kan ratsa garuruwa da dama cikin 'yan mintoci, kowanne da 'yan sandansa da kotunsa.

Ferguson tana da magajin gari da kansiloli shida, biyu daga kowace mazaɓa uku. Sai dai kuma ba magajin garin ne ke tafiyar da harkokin yau da kullum ba. Majalisar tana ɗaukar wani ƙwararre da ake kira manajan gari, wanda shugaban 'yan sanda ke ƙarƙashinsa, kuma shi ne ke gabatar da sunan alƙalin kotun gari domin majalisar ta amince. A wancan lokaci ma'aikatan kotun ma suna ƙarƙashin shugaban 'yan sanda ne, wato mai kama mutum da mai riƙe da takardun shari'arsa duk uban gidansu ɗaya.

Al'ummar garin ta sauya cikin sauri, shugabancinsa kuwa bai sauya ba. A 1990 kusan kashi uku cikin huɗu na mazauna Ferguson farar fata ne, amma a 2010 baƙar fata sun kai kashi 67 cikin ɗari. Duk da haka a 2014 magajin gari James Knowles da kansiloli biyar cikin shida farar fata ne, kuma daga cikin 'yan sanda 54 da ma'aikatar shari'a ta ƙirga, huɗu ne kacal baƙar fata. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne lokacin zaɓe. Ana zaɓen gari ne a watan Afrilu, nesa da manyan zaɓuɓɓukan ƙasa na watan Nuwamba, kuma a zaɓen 2013 kimanin kashi 12 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka fita.

Tara ta zama haraji

Jihar Missouri tana da wani tanadi a tsarin mulkinta tun 1980 wanda ya hana ƙananan hukumomi ƙara haraji sai da amincewar masu zaɓe. Tara ba ta buƙatar ƙuri'ar kowa. Da tattalin arziki ya shiga halin ni 'yasu bayan 2008, kuɗin da garin ke samu daga harajin saye da sayarwa ya ragu, sai hankalin jami'ai ya koma kan kotu.

Rahoton ya kawo wani saƙo da daraktan kuɗi na garin ya aika wa shugaban 'yan sanda Thomas Jackson a watan Maris na 2010, inda ya gargaɗe shi cewa muddin ba a ƙara yawan takardun tarar da ake yankewa kafin ƙarshen shekara ba, zai yi wuya kuɗin shiga su ƙaru a shekara mai zuwa, yana mai nuni da giɓin harajin da ake fuskanta.

Alƙaluma sun nuna an ji wannan kira. A 2010 garin ya samu dala miliyan 1.38 daga tara da kuɗaɗen kotu, cikin dala miliyan 11 na kuɗin gudanarwa. A 2012 adadin ya kai dala miliyan 2.11, a 2013 kuma dala miliyan 2.46. Kasafin 2015 ya yi hasashen dala miliyan 3.09 cikin dala miliyan 13.26, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tun kafin wani ya aikata laifi an riga an rubuta kuɗin tararsa a kasafi.

Tsakanin watan Yulin 2010 da Yunin 2014 'yan sandan sun raba takardun tara da na sammaci kimanin dubu 90. Ana duba yawan takardun da ɗan sanda ya yanke wajen auna ƙwazonsa, kuma an samu wanda ya yanke wa mutum ɗaya takardu 14 a tsayarwa guda. Laifuffukan sun haɗa da barin ciyawa ta yi tsawo a ƙofar gida, da wani laifi da dokar garin ta kira yanayin tafiya a kan titi, wanda kashi 95 cikin ɗari na waɗanda aka tuhuma da shi baƙar fata ne. Tafiya a tsakiyar titi ce ma ta fara haɗa Wilson da Brown.

Haka abin yake a sauran fannoni. Daga 2012 zuwa 2014 baƙar fata ne kashi 85 cikin ɗari na direbobin da aka tsayar, kashi 90 na waɗanda aka ci tara, da kashi 93 na waɗanda aka kama. Ana binciken motocinsu ninki biyu fiye da na farar fata, alhali an fi samun haramtattun kaya a motocin farar fatar da aka bincika.

Inda abin ya fi muni shi ne kotu. Wanda ya kasa biyan wani kaso na tara, ko ya kasa bayyana ranar zama, sai a ƙara masa wata tarar a kuma ba da izinin kama shi. A 2013 kaɗai kotun ta ba da irin wannan izini fiye da dubu tara. Ya zuwa watan Disambar 2014 mutane fiye da dubu 16 ne kotun ke nema, ko da yake da yawansu ba mazauna garin ba ne. Rahoton ya ba da labarin wata mata da aka ci tarar dala 151 a 2007 saboda ajiye mota a inda bai dace ba. An kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare, ta biya dala 550, amma bayan shekara bakwai ana binta dala 541.

Ba za a ce majalisar ba ta da masaniya ba. A 2012 wani kansila ya rubuta wa manajan gari John Shaw yana adawa da sabunta wa'adin alƙali Ronald Brockmeyer, bisa zargin cewa ba ya sauraren shaidu yadda ya kamata. Amsar manajan ita ce garin ba zai iya jure raguwar saurin aikin kotu ko raguwar kuɗin tara ba. An sabunta wa'adin.

Illar wannan tsari ga tsaro a fili take. Wanda ya san ana nemansa saboda tarar mota ba zai kira 'yan sanda ba idan ɓarayi suka shiga gidansa, ba kuma zai fito ya ba da shaida a kan kisan da ya gani ba. Rahoton da kansa ya ce an kai matsayin da 'yan sanda da dama ke kallon mazauna unguwannin baƙar fata a matsayin hanyar samun kuɗi, ba jama'ar da aka ɗauke su aiki domin su kare ba. Kuma Ferguson ba ita ce kan gaba ba, domin a wancan lokaci wasu ƙananan maƙwabtanta suna samun fiye da rabin kuɗinsu ne daga tara.

Bayan rahoton

Cikin mako guda da fitowar rahoton alƙalin da manajan gari da shugaban 'yan sanda duk suka yi murabus. Kotun ƙolin jihar ta miƙa shari'un garin ga wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, kuma a watan Agustan 2015 sabon alƙalin gari, Donald McCullin, ya soke duk izinin kamun da aka bayar kafin ƙarshen 2014.

A zaɓen watan Afrilun 2015 masu jefa ƙuri'a sun ninka fiye da sau biyu, suka zaɓi Ella Jones da Wesley Bell, kansiloli baƙar fata suka zama uku. Majalisar dokokin jihar ita ma ta rage kason da gari zai iya samu daga ƙananan laifuffukan mota daga kashi 30 zuwa kashi 20 cikin ɗari, ta kuma sanya kashi 12.5 ga garuruwan gundumar St. Louis. A 2017 kotun ƙolin jihar ta soke wannan kaso na musamman saboda ya ware gunduma ɗaya.

Ƙuri'ar watan Fabrairu

Babbar jarrabawa ta zo ne a farkon 2016, bayan watanni ana tattaunawa da ma'aikatar shari'a kan yarjejeniyar gyara da kotun tarayya za ta sa wa ido. Yarjejeniyar ta tanadi sake horar da 'yan sanda, da sanya musu kyamarori a jiki, da kafa kwamitin farar hula mai duba koke-koke, da raba kotu da harkar tara kuɗi, da kuma ɗaukar mai sa ido mai zaman kansa wanda garin zai riƙa biya.

Garin yana fama da giɓin kusan dala miliyan 2.8, kuma jami'ansa sun ƙiyasta cewa yarjejeniyar za ta iya cin dala miliyan 3.7 a shekarar farko. A tarurrukan jin ra'ayin jama'a wasu sun ce sa hannu zai durƙusar da garin, wasu kuma suka ce shari'a da gwamnatin tarayya ta fi tsada, kuma ba za a yi nasara ba.

A ranar 9 ga watan Fabrairu majalisar ta amince baki ɗaya, amma da gyare-gyare bakwai waɗanda Wesley Bell ya gabatar. Ɗaya ya cire batun ƙarin albashin 'yan sanda. Wani kuma ya ce sharuɗɗan ba za su hau kan duk wata hukuma da za ta karɓi aikin tsaron garin nan gaba ba, abin da ma'aikatar shari'a ta ɗauka a matsayin ƙofar tserewa, tun da majalisar za ta iya rusa rundunar ta yi kwangila da wata.

Washegari antoni janar Loretta Lynch ta shigar da ƙara. Bayan ma'aikatar ta fayyace a rubuce cewa ba ta tilasta ƙarin albashi ga dukkan ma'aikata ba, majalisar ta janye gyare-gyarenta a ranar 15 ga watan Maris, kuma mai shari'a Catherine Perry ta tabbatar da yarjejeniyar a ranar 19 ga watan Afrilu. A cikin wannan wata masu zaɓe suka amince da ƙarin harajin saye da sayarwa, amma ƙarin harajin gidaje ya faɗi saboda bai samu kashi biyu cikin uku da doka ta buƙata ba.

Delrish Moss, wanda aka ɗauko daga Miami, ya kama aiki a watan Mayun 2016 a matsayin baƙar fata na farko da aka ba shugabancin rundunar na dindindin. Bai cika shekara uku ba ya tafi, aka kuma ci gaba da sauya shugabanni da fama da ƙarancin ma'aikata, abin da ya jinkirta aiwatar da gyare-gyaren. A 2017 kamfanin inshorar garin ya biya iyayen Michael Brown dala miliyan 1.5, a 2024 kuma garin ya amince ya biya dala miliyan 4.5 ga dubban mutanen da aka tsare saboda bashin tara.

Bell ya kayar da mai gabatar da ƙara na gundumar, Robert McCulloch, a zaɓen fitar da gwani na 2018. Da ya sake duba batun Wilson, a 2020 shi ma ya ce ba zai tuhume shi ba. A shekarar ne Ella Jones ta zama mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da aka zaɓa magajiyar garin, Bell kuwa ya shiga majalisar wakilan Amurka a watan Janairun 2025.

Lokacin da aka cika shekara goma da kisan a 2024, kimanin rabin 'yan sandan Ferguson baƙar fata ne, amma yarjejeniyar tana nan a gaban kotu ba a kammala cika sharuɗɗanta ba. A daren cikar shekara goman wani ɗan sandan garin, baƙar fata, ya samu mummunan rauni a ka yayin wata zanga-zanga a ƙofar ofishinsu. A watan Mayun 2025 ma'aikatar shari'a a ƙarƙashin shugaba Donald Trump ta sanar da janyewa daga irin waɗannan yarjejeniyoyi da aka shirya da biranen Minneapolis da Louisville, tana mai cewa suna ƙwace ikon 'yan sanda daga hannun zaɓaɓɓun shugabannin gari.