LITTATTAFAN DA BA SU JI KUNYAR SHAKKA BA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Ran Laraba bayan mun tashi daga zumuntar ɗalibai, wani ƙane ɗan aji ɗaya, ɗan wajenmu, ya biyo ni har ƙofar hostel. Sai da ya ga kowa ya watse sannan ya ce, “Yaya, in mutum ya fara tambayar kansa ko Allah na jin addu'arsa, ya faɗi ke nan?” Na tsaya ina kallon yaron nan kamar ina kallon kaina. Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

A 2022, lokacin dogon yajin aikin jami'o'i da ya ci wata takwas, ina gida Baba ya kwanta ciwo. Babu addu'ar da ba mu yi ba, babu azumin da ba mu riƙe ba. Ya rasu kafin a janye yajin. Na dawo Ibadan ina jagorantar waƙa a zumunta, baki na yabo, zuciya kuwa wayam. Na je teburin masu sayar da littattafai a bakin coci, abin da na tarar kusan iri ɗaya ne: matakan nasara, sirrin buɗi, yadda za ka zama na gaba a cikin tsararka. Babu ko ɗaya da aka rubuta domin wanda ya yi addu'a aka binne masa uba. Wani dattijo a cocinmu ne ya lura da ni, ya miƙo mini wani siririn littafi da bangonsa ya yage, ya ce, “Ɗana, karanta, kada ka yi sauri.” Da yake tarihi nake karanta a jami'a, daga wannan littafin na yi ta bin sawu baya, har na gano ashe irin waɗannan littattafai sun girmi na nasara da ɗaruruwan shekaru.

Mu fara da ɗan Afirka. An haifi Agustin a shekarar 354 a garin Tagaste, wanda yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce, amma shi da ya tafi karatu Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, sai ya yi irin ta ɗalibin da ya bar gida: ya raina addinin uwarsa, ya shiga ƙungiyar Manikiyawa kusan shekara tara, ya haifi ɗa ba da aure ba. Da ya bar su ma bai dawo kai tsaye ba, ya yi wani zama yana ganin kamar ba wanda zai iya tabbatar da gaskiyar komai. Sai a Milan ta Italiya, bayan ya daɗe yana sauraron wa'azin Bishop Ambros, aka yi masa baftisma a 387, yana da shekara 32. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokacin da ya rubuta littafinsa Confessions, wato ikirari. Tsakanin 397 da 400 ne, yana bishop na Hippo, mutane na ganin girmansa. A wannan matsayin ya zauna ya tona wa kansa asiri: satar 'ya'yan itace da ya yi yana ɗan shekara 16, da yadda mutuwar wani amininsa ta sa garinsu ya fita masa a rai har ya gudu ya bar shi. Ku duba fa, shugaban ikilisiya ne ke rubuta wannan da hannunsa.

Mu tsallaka Ingila, bayan shekara fiye da dubu. John Bunyan mai gyaran tukwane ne, bai yi wani zurfin karatu ba. A 1660 aka kama shi saboda yana wa'azi ba da izinin hukuma ba, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford, ya bar iyali a waje har da 'yarsa makauniya. Yana kurkukun ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1666, inda ya ba da labarin shekarun da ya kwashe yana fargabar cewa Allah ya riga ya yashe shi. A 1678 kuma The Pilgrim's Progress ya fito, labarin matafiyi zuwa birnin sama. A cikin labarin akwai gidan yari na shakka, inda wani ƙato mai suna Fid da Rai ya kulle matafiyin da abokinsa yana jibgarsu. Abin lura, Bunyan bai sa wannan gidan yarin a farkon tafiya ba. Sai da matafiyin ya yi nisa, ya sauke kayan zunubinsa, ya ga an kashe abokin tafiyarsa na farko saboda bangaskiya, sannan ya faɗa ciki. Wato a wurin Bunyan, tsohon mai bi ma na iya kwana a can. Wannan littafin kuma ba baƙo ba ne a garin nan: David Hinderer, ɗan mishan na CMS da ya zauna a Kudeti tun 1853, shi ya fassara shi da Yarbanci, aka buga a 1866. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa sai 1932 ya fito.

Yanzu ga littafin da dattijon ya ba ni. C. S. Lewis malami ne a jami'ar Oxford. Mahaifiyarsa ta rasu a 1908 yana ɗan shekara tara, ya taso ya daina yarda da Allah, sai a 1931 ya karɓi Almasihu. A 1940 ya rubuta littafi sukutum yana bayanin dalilin da ya sa Allah ke barin wahala, sannan jawaban da ya yi a rediyon BBC lokacin yaƙin duniya na biyu suka zama Mere Christianity a 1952. Mutumin da ke da amsar kowace tambaya ke nan. Sai ga shi matarsa Joy ta rasu da ciwon daji a 1960. Ya ɗauki littattafan rubutu huɗu da ya samu a gida yana zuba abin da ke ransa: fushi, shiru daga sama, da tsoron kada ya zo ya gaskata mugun abu game da Allah. Aka buga shi a 1961 da suna A Grief Observed, amma bai sa sunansa ba, ya ɓoye da N. W. Clerk. Sai bayan rasuwarsa a 1963 aka bayyana mai shi. Ranar da na gama karanta shi na yi kukan da ban yi ba a wajen jana'iza.

Ko a zamaninmu, wasiƙun Mother Teresa da aka buga a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara 50 tana jin kamar Allah ya yi mata nisa, kuma ba ta daina jinyar marasa galihu a Kalkata ba.

To daga ina na teburin bakin coci suka fito? Su ma suna da nasu tarihin. A 1952, shekarar da Mere Christianity ya fito, wani fasto a Amurka, Norman Vincent Peale, ya fitar da The Power of Positive Thinking, mai koyar da cewa kyakkyawan tunani haɗe da addu'a na buɗe ƙofar nasara. An saye shi kamar me, kuma salonsa ya haifi 'ya'ya da jikoki har ya iso kasuwanninmu. Ba na ce duk banza ba ne, ni ma wani a cikinsu ya koya mini tsara lokacin karatu. Amma in su kaɗai ɗalibi ya sani, ranar da ya faɗi jarabawa bayan azumi, ko aka kira shi daga gida da mugun labari, zai ɗauka shi ne bangaskiyarsa ta gaza. Sai ya yi shiru, daga shiru ya daina zuwa zumunta, mu kuma mu ce ya ja da baya.

Alhali Littafin da muke riƙe da shi kansa bai ɓoye irin waɗannan mutane ba. Ayuba yana ciki, zaburorin kuka suna ciki, Toma ma yana ciki, kuma Yesu bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa.

Ni dai har yau ban samu amsar dalilin tafiyar Baba ba. Abin da na samu shi ne na daina ƙarya a cikin addu'a, kuma daga nan na fara jin ina girma. Shugabannin zumunta, don Allah in za ku ba sababbin ɗalibai jerin littattafai a wannan zangon, ku sa ko da ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙanena na ran Laraba, na san za ka ga wannan: ba ka faɗi ba. Yagaggen littafin nan yana wurina, ka zo bayan lakca gobe ka karɓa.

Wane littafi ne ya riƙe ku a lokacin da abubuwa suka yi duhu? Ku faɗa mana, wataƙila wani na buƙata. Ubangiji ya riƙe mu duka.