Tarihin Tabaraun Ƙwayar Ido

Tabaraun ƙwayar ido, wato ɗan faifan da ake ɗorawa a kan ido domin gyara gani, ya faro ne a 1888, lokacin da likita Adolf Fick ya gwada na gilashi a Zurich, sai dai nauyinsa ya sa ba a jure shi sai na 'yan sa'o'i. Sauyi na haƙiƙa ya zo a 1961, sa'ad da Otto Wichterle na Chekoslobakiya ya ƙera mai taushi daga robar da ke shan ruwa, da injin da ya harhaɗa daga kayan wasan yara. Taushin ya zo da tasa wahalar, domin ƙwayoyin cuta na maƙalewa a jikinsa, shi ya sa a shekarun 1970 ake dafa shi cikin ruwan gishiri kowane dare, kafin ruwan magani ya maye gurbin dafuwar.