Yadda Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Koma Lissafi

Ƙoƙon kai ya daɗe yana yi wa likitoci katanga. Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 yana nuna ƙashi sarai, amma ƙwaƙwalwa sai ta fito kamar hazo, ba a bambance ƙari da lafiyayyen nama. A 1918 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ɓullo da dabara: a huda kai, a zuƙe ruwan da ke kogunan ƙwaƙwalwa, a ɗura iska, sannan a ɗauki hoto. Idan kogon ya karkace, to wani abu ne ke tura shi. Majinyata sun sha azabar ciwon kai da amai, alhali sawun ƙarin kawai ake bi.

Wanda ya karya katangar ba ma likita ba ne. Godfrey Hounsfield injiniya ne a kamfanin EMI na Ingila. Ranar 1 ga Oktoba 1971 aka saka wata mata a na'urarsa ta CT a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, ciwo ya bayyana a sashen gaba na ƙwaƙwalwarta, tiyata kuma ta tabbatar. Hoton dushi-dushi ne, ɗigo 80 a tsaye, 80 a kwance. A ganina babban abin da ya kawo shi ne kowane ɗigo lamba ce da kwamfuta ta lissafo. A ma'aunin da ke ɗauke da sunansa, ruwa sifili ne, iska kuwa -1000. Abin da ya zama lamba kuwa ana iya auna shi yau, a sake aunawa bayan wata uku, a kwatanta.

Na'urar MRI ta biyo baya, ta fi iya rarrabe nama mai laushi. A 1990 ƙa'idar Macdonald ta auna tasirin magani ta ce a ninka tsawon ƙarin da faɗinsa: idan sakamakon ya ragu da kashi 50 cikin ɗari, magani na ci, idan ya ƙaru da kashi 25, ciwon na gaba. Matsalar ita ce ƙari irin glioblastoma ba shi da iyaka tsayayya, yakan kutsa cikin nama kamar jijiyar itace, likitoci biyu sai su auna su sha bamban. Shi ya sa tun 2012 gasar BraTS ke gwada manhajojin da ke shata iyakar ƙari da kansu, su fitar da girmansa gaba ɗaya.

Duk da haka, kafin a tabbatar da nau'in ƙarin, yawanci har yau sai an yanko ɗan nama an kai ɗakin gwaje-gwaje.