Fadar Ma'aikata ta Garin Guise

A arewacin ƙasar Faransa, a bakin wani kogi da ake kira Oise, akwai wani ƙaramin gari mai suna Guise, wanda a da aka fi saninsa da tsohuwar ganuwar sarakunansa, har Allah ya kawo wani maƙeri, Jean-Baptiste André Godin, ya kafa maƙerarsa a can a shekarar 1846. An haifi wannan mutum a 1817 a gidan maƙera, kuma tun yana saurayi ya yi yawon neman ƙwarewa a garuruwan ƙasarsu, inda ya kwana a irin ɗakunan da leburorin zamanin suke kwana, masu duhu da danshi da cunkoso, abin da bai gushe yana damun zuciyarsa ba ko bayan da ya yi arziki ta hanyar ƙera murhun ɗumama ɗaki da narkakken ƙarfe.

Godin ya karanta littattafan wani malamin falsafa, Charles Fourier, wanda ya yi da'awar cewa maslahar talakawa tana cikin zama wuri guda da tarayya a aiki da amfaninsa. Ya gaskata maganar har ya zuba kusan sulusin dukiyarsa a wani ƙauye da almajiran Fourier suka tafi kafawa a Teksas ta Amurka, ƙauyen kuwa ya watse, dukiyar ta salwanta. Bayan haka ya ƙudura cewa zai jarraba abin da hannunsa, a gaban idonsa, kusa da masana'antarsa.

A 1859 aka sa harsashin ginin da ya kira Familistère, aka yi ta ƙari a kansa har zuwa 1884. Masana'anta tana wannan gaɓa ta kogi, gidajen suna waccan, gada ta haɗa su, ta yadda ma'aikaci zai isa bakin aiki da ƙafa cikin ɗan lokaci, alhali hayaƙi da ƙarar guduma ba su bi shi har shimfiɗarsa ba. Babban ginin kashi uku ne na jan bulo, kowane kashi bene ne mai hawa huɗu wanda ya kewaye tsakar gida, an rufe saman tsakar gidan da gilashi domin haske ya sauko ruwan sama bai sauko ba, an kuma huda ƙasanta da ƙananan tagogi waɗanda iska take hawowa ta cikinsu daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. A kowane hawa akwai famfo da makewayi da ramin zuba shara, a zamanin da attajirai da yawa na birnin Faris ma ake ɗauko musu ruwa a guga.

Hikimar mutumin ta fi bayyana, a ganina, a cikin ƙananan al'amura. Ruwan zafin da injuna suka gama aiki da shi, wanda a wata masana'anta sai a sake shi cikin kogi, shi ya sa aka jawo shi zuwa ɗakin wanki da kwamin iyo da aka gina a 1870, aka kuma yi wa kwamin daɓen katako da ake ɗagawa a sauke, domin ƙananan yara su koyi iyo ba tare da fargabar nutsewa ba. A ɗakin renon jarirai kuwa, dusa ake zubawa a gadon jinjiri a maimakon katifa, idan ya yi fitsari sai dusar ta dunƙule, a kwashe wurin da ya jiƙe a ƙara sabuwa. Akwai makarantar da yara maza da mata suke karatu kyauta har shekara 14, tun kafin hukumar Faransa ta wajabta ilimin firamare a 1882, akwai gidan wasan kwaikwayo, da kantuna, da lambu na shan iska. Shi kansa Godin a cikin ginin ya zauna tare da ma'aikatansa.

Amma wajibi ne a faɗi aibin abin. Ƙofar kowane gida tana buɗewa ne kan barandar da ta zagaye tsakar gida, saboda haka duk wanda ya shiga ko ya fita, da wanda ya dawo a makare, da matar da ba ta share ƙofarta ba, idon jama'a yana kansu, kuma Godin ya ɗauki wannan idon a matsayin tarbiyya. Bahaushe, wanda yake gina zaure bayan zaure don kada baƙo ya hango cikin gida, zai gane nauyin wannan rashin sutura tun kafin a yi masa bayani. Masu suka na zamanin sun kamanta wurin da bariki, kuma ba su rasa hujja ba.

Abin da ya fifita Godin a wurina bisa sauran masu masana'antun da suka gina wa leburorinsu gidaje shi ne, a 1880 ya kafa ƙungiyar tarayya tsakanin jari da aiki, wadda ta hanyarta ribar masana'anta take komawa hannun ma'aikata a matsayin hannun jari, sannu a hankali har masana'antar da gidajen suka zama mallakarsu. Gida mai kyau da maigida zai iya korar mutum daga cikinsa ran da ya ga dama alheri ne kawai, wanda kuwa mazauninsa yake da haƙƙi a cikinsa ya shiga babin adalci. Godin ya rasu a 1888, ƙungiyar ta rayu bayansa shekara 80, sai a 1968 matsin kasuwa ya rushe ta, aka sayar da masana'antar, aka rarraba gidajen ga masu saye. A 1991 hukumar Faransa ta sa ginin cikin kayan tarihin da doka ta kare, kuma har yau akwai iyalan da suke zaune a wani sashe nasa, wani sashen kuma an mai da shi gidan tarihi.