Grits: tsakin masarar da ya zama abincin kudancin Amurka

Grits abinci ne da ake yi da ɓarzajjiyar masara, a dafa ta cikin ruwa ko madara har ta yi kauri. An fi cin sa a jihohin kudancin Amurka, daga Texas zuwa Virginia, musamman a karin kumallo. Bahaushen da ya ga ɗanyensa a kwano zai ce tsaki ne, kuma bai yi kuskure ba. Idan ya dahu ya fi kunu kauri amma bai kai tuwo tauri ba, don haka ba a malmala shi, zuba shi ake yi a faranti a ci da cokali.

Sunan ya samo asali ne daga wata kalmar tsohon Turanci da ke nufin ɓarzajjen hatsi. A Faransanci ana fassara shi da gruau de maïs. A Kamaru da wasu ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma akan ga kalmar gritz a jikin buhu, amma wannan galibi tsakin masara ne da ake sayar wa masana'antun giya.

Asalinsa

An fara noman masara a kudancin Meziko kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga can ta bazu zuwa arewa. Ƴan asalin kudu maso gabashin Amurka, musamman ƙabilar Muskogi, sukan daka ta a turmin itace su dafa wani abinci mai ruwa-ruwa da suke kira sofki. A wurin irin waɗannan ƙabilu ne Turawan da suka zauna a yankin tun ƙarni na 17 suka koyi sarrafa masara.

A zamanin bauta, masara na cikin abincin da ake auna wa bayi ƴan Afirka kowane mako, kuma su ne ke girki a gidajen manyan masu gonaki. Shi ya sa grits ke da babban matsayi a girkin baƙaƙen fatar Amurka har yau. A da manomi kan kai masararsa wurin mai dutsen niƙa. Bayan an tankaɗe, garin mai laushi a yi burodin masara da shi, tsakin da ya rage a rariya kuwa shi ne grits.

Ire-irensa da yadda ake dafa shi

Akwai na farar masara, akwai na rawaya. Wanda aka niƙa da dutse ya fi ɗanɗano, domin ana barin zuciyar ƙwayar mai ɗauke da mai, sai dai ba ya daɗewa a ajiye, kuma dahuwarsa kan kai minti 45 zuwa awa ɗaya. Na kanti an cire masa dusa da zuciyar. Wanda aka ƙara niƙewa yana dahuwa cikin minti biyar, akwai kuma wanda aka riga aka dafa aka busar, ruwan zafi kawai ake zuba masa.

Wani nau'in ana yin sa ne da masarar da ake kira hominy, wadda aka jiƙa ko aka tafasa cikin ruwan toka ko farar ƙasa har ɓawonta ya saɓule, sannan a wanke, a busar, a ɓarza.

Ma'aunin da aka saba shi ne kofi ɗaya na tsaki, kofi huɗu na ruwa. Idan ruwan ya tafasa da gishiri, sai a riƙa zuba tsakin kaɗan-kaɗan ana motsawa don kada ya yi gudaji. Daga nan a rage wuta, a rufe, a dinga juyawa lokaci-lokaci don kada ya kama. A ƙarshe a saka man shanu.

Yadda ake cin sa

Da safe ana cin sa da man shanu, gishiri da masoro, tare da soyayyen ƙwai. Wasu na narkar da cuku a ciki. Wasu kuma sukari da madara suke sakawa, lamarin da ke jawo musu mai kama da wasa tsakanin ƴan kudu, domin da yawansu na ganin sukari ba shi da gurbi a wannan abinci. Wanda ya kwana ya daskare akan yanka shi a soya.

A gaɓar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya, inda al'ummar Gullah, jikokin bayi daga Afirka, ke zaune, masunta sun daɗe suna karya kumallo da grits da jatan lande. Wannan haɗi ya shiga manyan gidajen abinci bayan da jaridar New York Times ta yi rubutu a 1985 kan girkin Bill Neal, wani mai dafa abinci a Chapel Hill. A New Orleans da miyar nama ake ci, a wasu wurare kuma da soyayyen kifi. Jihar Jojiya ta ayyana shi a matsayin dafaffen abincinta na hukuma a 2002, garin St. George na Karolina ta Kudu kuma yana yi masa biki duk watan Afrilu.

Musulmi matafiyi ya kamata ya yi tambaya kafin ya ci. Shi kansa grits masara ce da ruwa, amma a gidajen abinci da yawa ana haɗa shi da naman alade, ko a yi miyarsa da kitsen alade, har ma a cikin na jatan lande.

Darasin cutar pelagra

Masara na ɗauke da bitamin B3, wato niyasin, amma a ɗaure yake ta yadda jiki ba ya iya amfana da mafi yawansa. Dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa yana sakin sa, shi ya sa mutanen Meziko da suka rayu a kan masara ba su sha fama da ƙarancinsa ba. Masara ta bazu a duniya, amma wannan dabara ba ta bi ta ko'ina ba.

A farkon ƙarni na 20 talakawan kudancin Amurka, waɗanda abincinsu bai wuce garin masara da kitse da ruwan rake ba, sun faɗa cikin annobar pelagra. Alamominta su ne baƙi da tsagewar fata a inda rana ke bugu, gudawa, da rikicewar hankali, kuma tana kisa. An ƙiyasta mutum miliyan uku sun kamu, kimanin 100,000 sun mutu tsakanin 1906 da 1940. Likita Joseph Goldberger, wanda ya fara bincike a 1914, ya nuna cewa abinci ne ke kawo ta, ba ƙwayar cuta ba. A 1937 Conrad Elvehjem ya gano cewa niyasin ne sinadarin da ake rasawa. Daga baya aka fara ƙara bitamin a gari da grits na kanti, cutar ta kusan ɓacewa a ƙasar.

A Afirka ba ta ɓace ba. A 1990 fiye da mutum 18,000 sun kamu da ita cikin ƴan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, waɗanda suka dogara da masarar agaji. Wannan ya shafi duk gidan da masara ta maye gurbin gero da dawa a tukunyarsa, kamar yadda ake gani a birane da zangonni da dama. Masara ba ta da illa idan tana da abokin tafiya. Gyaɗa, wake, kifi, nama, nono da ƙwai duk suna cike giɓin, kuma faten tsaki da aka yi da gyaɗa da wake da ganye ya riga ya haɗa abin da ake bukata a tukunya ɗaya.