Daro da Tawul: Tarihin Ekklesiyar 'Yan'uwa da Darasinsa ga Matasan Matsinkai



Akwai wata magana da muke ji a kasuwa da tasha, wani lokaci ma har a bakin masu bi, wai rama cuta ga macuci ibada ne. Wasu su ƙara da cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Duk wanda dabbobi suka taɓa cinye masa gonar shinkafa a dare ɗaya, ko aka kore masa shanun huɗa, ko aka ɗauke masa ɗan'uwa aka nemi kuɗin fansa, ya san yadda wannan magana take shiga zuciya. A wannan mako za mu bar bakin Kwara da iyakar Benin, mu tafi can gabashin ƙasar nan, mu duba tarihin wata ikkilisiya da ta sha wuya ƙwarai a zamaninmu, amma ta ƙi ɗaukar fansa. Ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN.

Asalin 'Yan'uwa

Tushen wannan ikkilisiya yana Jamus. A shekarar 1708, a ƙauyen Schwarzenau, mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, suka ɗaura niyyar bin Sabon Alkawari yadda suka same shi a rubuce. Abu biyu suka riƙe da ƙarfi. Na farko, wanke ƙafafun juna kafin cin jibin Ubangiji, domin Yesu ya yi wa almajiransa haka, ya kuma ce su yi wa juna (Yohanna 13). Na biyu, ƙin ɗaukar makami a kan kowane mutum, ko da maƙiyi ne (Matiyu 5:38-48). Tsanani da talauci suka sa suka fara ƙaura zuwa Amurka daga 1719.

A can ma riƙon salama bai zo musu da sauƙi ba. Lokacin yaƙin basasar Amurka, wani dattijonsu mai suna John Kline, mai wa'azi kuma mai ba marasa lafiya magani, yakan hau doki ya ƙetare fagen daga domin ya ziyarci 'yan'uwa na kudu da na arewa. Aka zarge shi da cin amana, aka yi masa kwanton ɓauna aka harbe shi kusa da gidansa a jihar Virginia a 1864. Ikkilisiyarsa ta yi makoki, ta ci gaba da koyar da salama.

A gindin tsamiya

Ranar 17 ga Maris 1923, 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, cikin ƙasar Bura, a jihar Adamawa ta yanzu. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1924, Kulp ya binne matarsa Ruth da jaririnsu. Bai bar aikin ba. Asibitin da aka gina a Garkida ya ɗauki sunan matar. Sai a 1927 aka yi wa mutane na farko baftisma, su huɗu. Aka kuma buɗe aiki a Lassa cikin Margi, daga baya aka kai Chibok a 1941.

Abin da ya sa mutanen ƙasar suka fara sauraron bishara shi ne abin da suka ga ana yi da hannu. A 1929 aka buɗe wurin jinyar kutare kusa da Garkida. Ku tuna, a wancan zamani babu maganin kuturta irin na yau. Allurar man wata bishiya ake yi, mai zafi, wadda amfaninta kaɗan ne. Ƙwayoyin da suka fara aiki sosai sai wajen ƙarshen shekarun 1940 suka samu. Don haka yawancin aikin wanke gyambo ne da ɗaure shi, da ciyar da wanda yatsunsa suka gutsure, da zama kusa da wanda danginsa suka ware masa ƙwarya. Abin da suke yi da daro da tawul a cikin majami'a, shi suka fito da shi waje.

Wannan aiki ya iso har yankinmu. Albert Helser ya koma ƙungiyar SIM a tsakiyar shekarun 1930, lokacin da hukumomin gargajiya suka yarda 'yan mishan su kula da wuraren jinyar kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a lardin Sakkwato. A lokacin ƙasar Gwandu, har da Bagudo, tana cikin lardin Sakkwato, tun da sai a 1991 aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Ƙofar da aka daɗe ana rufe wa masu wa'azi, sai ga shi an buɗe wa masu wanke gyambo.

Zazzaɓin Lassa

Yau kowa ya san sunan zazzaɓin Lassa, amma ba kowa ya san inda sunan ya fito ba. A Janairun 1969, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine, wadda take hidima a asibitin 'Yan'uwa da ke Lassa, ta kamu da wani zazzaɓi da likitoci ba su taɓa gani ba. Aka kai ta Jos, a can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke, kuma binciken da aka yi a kan jinin waɗannan mata ne ya gano ƙwayar cutar. A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos. Dakta Jeanette Troup ta SIM ta san haɗarin sarai, amma ta ci gaba da duba marasa lafiya. Ta yanke a yatsa tana binciken gawar wani da cutar ta kashe, ta rasu a Fabrairun 1970. Babu ɗaya cikinsu da ta nemi suna. Suna bakin aikinsu mutuwa ta same su.

A 1972 ragamar ikkilisiyar ta dawo hannun 'yan ƙasa. Suka ci gaba da makarantu, da aikin lafiya a karkara, da haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Kirista da na Musulmi ba tare da bambanci ba. Hedkwata ta zauna a Kwarhi kusa da Mubi, inda makarantar Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da sunan Kulp take.

Ranar gwaji

Koyar da ƙaunar maƙiyi ba shi da wuya muddin maƙiyin yana cikin littafi. Daga 2009 rikicin Boko Haram ya taso a daidai ƙasar da EYN ta fi yawa, wato kudancin Borno da arewacin Adamawa. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN. Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙa suka mamaye hedkwatar Kwarhi, shugabannin ikkilisiya suka tsere, suka koma Jos na ɗan lokaci. A lissafin da shugabannin suka bayar a wancan lokaci, an kashe membobinsu fiye da 8,000, wajen 700,000 kuma sun rasa matsuguni, ban da ɗaruruwan majami'u da aka ƙone.

Da mutanen da aka yi wa haka sun tashi sun far wa maƙwabtansu Musulmi, da yawa za su ce ai an tsokane su ne. Amma shugaban ikkilisiyar na lokacin, Rabaran Dakta Samuel Dali, da sauran fastoci suka tsaya a kan koyarwar da suka gāda. Suka kira azumi da addu'a, har da yi wa masu kisan addu'ar tuba. Suka riƙa tuna wa jama'a cewa Musulmi da yawa su ma an kashe su, wasu kuma sun ɓoye Kirista a gidajensu.

Ba a baki kaɗai abin ya tsaya ba. Dakta Rebecca Dali, ta hanyar ƙungiyarta CCEPI, ta riƙa raba abinci da sutura ga 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba. Ta kuma tsaya wa matan da suka dawo daga hannun Boko Haram da ciki ko da goyo, waɗanda wasu dangi suka ƙi karɓa. Saboda wannan aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janiba a 2017. Markus Gamache, ma'aikacin EYN, ya jagoranci kafa sansanin Gurku a jihar Nasarawa a 2014, inda iyalan Kirista da na Musulmi da rikicin ya koro suke zaune tare, da majami'a da masallaci a wuri ɗaya. A 2016 EYN da abokan aikinta Musulmi na ƙungiyar CAMPI ta Mubi suka karɓi lambar salama ta Michael Sattler a Jamus.

Wahalar ba ta ƙare a nan ba. A farkon Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na Michika. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, bai zagi kowa ba. Ya nuna cewa ransa yana hannun Allah, ya roƙi 'yan'uwa kada su yi baƙin ciki, su kula da iyalinsa. Ranar 20 ga Janairu aka kashe shi. Wata ɗaya bayan haka aka kai hari Garkida kanta aka ƙone majami'u. Duk da haka, a Maris 2023 EYN ta yi bikin cika shekara 100, tana nan da ranta, tana kuma buɗe sababbin ikkilisiyoyi a garuruwan da gudun hijira ya kai 'ya'yanta.

Shin wannan ba tsoro ba ne?

Wani matashi zai ce, to mu naɗe hannu ke nan a gama da mu? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a raina mai yin ta ba. Amma mu rarrabe abubuwa. Gudu daga haɗari ba zunubi ba ne, Yesu da kansa ya ce wa almajirai in an tsananta musu a wani gari su tafi wani (Matiyu 10:23). Kai ƙara wurin hakimi ko 'yan sanda ko kotu ba ramuwa ba ce, gama Allah ya ba hukuma aikin hukunta mai laifi (Romawa 13:1-4), Bulus ma ya nemi haƙƙinsa a gaban shari'a (Ayyukan Manzanni 25:11). Shugabannin EYN ba su yi shiru ba, sun yi ta kira ga gwamnati ta kare jama'a, ta kuma ceto 'yan matan Chibok.

Ramuwa dabam take. Ita ce mutum ya ɗauki hukunci a hannunsa domin ya huce. Kuma mu lura, ramuwa ba ta cika samun mai laifin ba. Wanda ya yi ɓarnar ya riga ya shige daji ko ya ƙetare iyaka. Wanda ake samu shi ne yaron da ke kiwo a bakin hanya, ko matar da ta kawo nono kasuwa, don kawai yarensu ɗaya da wanda ake zargi. Daga nan su ma danginsu su sami dalilin dawowa. Shi ya sa Bulus ya gargaɗe mu mu bar wa Allah sakamako, mu ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa, mu rinjayi mugunta da nagarta (Romawa 12:17-21). Ku tuna kuma, a daren da Yesu ya ɗauki daro, Yahuza yana cikin waɗanda aka wanke wa ƙafa, Yesu kuwa ya san abin da ke zuciyarsa.

Abin da tarihin nan yake nuna mana shi ne, 'Yan'uwa ba a 2014 suka koyi gafara ba. Shekara casa'in suka yi suna durƙusawa a gaban juna da gaban kutare da marasa lafiya, har ya zama musu jiki. Wanda bai saba ƙasƙantar da kansa a ƙananan abubuwa ba, ba zai iya haɗiye fushi ran da babban abu ya same shi ba.

Mu a nan fa?

Mu ma a Kebbi mun san wannan ciwo. Ba mu manta da ɗaliban da aka sace a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021 ba. Muna zaune da Fulani, da Dandawa, da Zabarmawa, da Busawa, da Hausawa, muna haɗuwa a kasuwannin Tsamiya, Lolo, Illo da Ka'oje, kwale-kwale ɗaya yake ƙetarar da mu. Abin da za mu yi ran da aka taɓa mu, yau ne ake shirya shi.

Don haka bari zumuntarmu ta fara da abin da ke kusa. A nome wa gwauruwa gonarta kafin a nome ta shugaban matasa. A je gaida marar lafiya ko ba ɗan ikkilisiya ba ne. In ruwa ya ci gidaje da damina, a fara da gidan da ya fi lalacewa, ko na wane ne. In labarin hari ya shigo waya ta WhatsApp, kada a tura shi gaba sai an tabbatar, kada kuma a ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila ɗungurungum. Wanda kuma yake riƙe da wani a zuciya, ya nemi fasto ko dattijo a wannan mako a zauna a yi magana, tun kafin abin ya yi tsiro.

Karatun mako: Yohanna 13:1-17, Romawa 12:9-21, da 1 Bitrus 2:18-25.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka durƙusa ka wanke ƙafafun bayinka, ka kuma roƙa wa masu gicciye ka gafara, ka cire mana girman kai da ƙishin ramuwa. Ka ta'azantar da 'yan'uwanmu na EYN da dukan waɗanda har yanzu suke jiran 'ya'yansu su dawo. Ka ba hukumominmu adalci, ka juyo da zukatan masu zubar da jini, ka ba Matsinkai da ƙasar Bagudo salama. A cikin sunanka muka roƙa. Amin.