RANAR DA GWANI YA KAI ƘASA

Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta ce to me kuma ya haɗa matar aure da zancen kokawa? Ki yi haƙuri ki biyo ni. Maza ne ke shiga fili, gaskiya ne, amma mu ake dawo wa da sakamakon cikin gida, mu ke ganin fuskar maigida in gwaninsa ya yi kaye, mu kuma ke kwashe tuwon da ya ƙi ci in an kada gwanin.

Bari in fara da tushe. Mu mutanen Burkusuma da Sabon Birni da Isa, duk abin da ya taɓa Maraɗi ya taɓa mu, kuma akwai dalili. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a 1836, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibirin ya zo ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyakarsu a farkon ƙarni na 20, sai ya zama wa yana Nijar ƙane yana Nijeriya, amma aure da kasuwa da biki ba su fasa ba. Shi ya sa in ɗan kokawar Maraɗi ya shiga fili, mutumin Burkusuma cewa yake yi namu ne, ba ya tambayar takardar ƙasa.

Ita kokawa asalinta wasan kaka ce. In an yanke gero an cika rumbu, ciki ya ɗauka, sai samarin wannan ƙauye su gayyaci na wancan, makaɗa su buga, 'yan mata su yi layi suna tafi da guɗa. Wanda ya yi kaye shi zai miƙa hannu ya ta da wanda ya kayar, a kakkaɓe ƙasa, da dare a ci tuwo akushi ɗaya. A 1975, shekara guda bayan Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar, gwamnati ta ɗauko wannan wasa na ƙauye ta mai da shi gasar ƙasa baki ɗaya, aka sa takobi ya zama kyautar zakara. A Tawa aka yi ta farko, kuma wanda ya ɗauki takobin farko shi ne Yakuba Ango na Maraɗi, wanda duniya ta sani da Kantu. A yanzu yankuna 8 ne ke shiga, kowane da 'yan kokawa 10, ana zagayawa da gasar daga wannan yanki zuwa wancan.

Iyayenmu mata suna ba mu labarin yadda ake yi a wancan zamani. Rediyo ɗaya ce a unguwa, maza su kewaye ta a ƙofar gida, mata suna daka amma kunne na waje. In aka ji ihu da tsalle an san Kantu ya yi kaye, ranar ko kuɗin cefane kika roƙa sai an ƙara miki da na goro. To amma Kantu ba shi kaɗai ne namiji a fili ba, akwai Salma Ɗan Rani na Dosso, akwai Kadade na Tawa, kuma gaba da gabanta. Ranar da labari ya zo ba daɗi, sai ki ji tsit kamar an yi mutuwa. Can kuma sai baki ya buɗe, wannan ya ce asiri aka yi masa, wancan ya ce alƙali ne ya yi son kai, wani ma ya ce ai ya tsufa ya kamata ya koma gona. Bakin da ya yi masa kirari jiya shi ne yau yake yankansa, alhali mutumin nan bai ci bashin kowa ba, ƙarfinsa ya kai fili, Allah ya ba wani sa'a.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda tarihi ya raba gardamar. Yau filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Dosso kuma sunan Salma Ɗan Rani. Wato dai da mai kayarwa da wanda aka kayar duk an girmama su, su kuwa masu zagin ko sunan ɗaya daga cikinsu ba a riƙe ba.

Zamaninmu ma mun ga irin wannan da idonmu. Kadri Abdu na Dosso, wanda ake kira Isaka Isaka, sau 6 yana ɗaukar takobi, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. A lokacin iyakar Nijeriya da Nijar a rufe take saboda juyin mulkin da aka yi a Yamai a watan Yulin shekarar, ba a buɗe ɓangarenmu ba sai Maris na 2024, amma duk da haka samarinmu suna bin wasan ta rediyo da waya kamar suna bakin fili. Shekara na zagayowa, a ƙarshen 2024, aka kai gasar Dosso, gidansa, gaban danginsa, sai Abba Ibrahim na Yamai ya kada shi a karon ƙarshe. Wallahi maganganun da na ji a bakin matasa a makon nan, kamar iyayenmu ne ke maimaita labarin Kantu, asiri, alƙali, tsufa, ba abin da ya canza sai dai yanzu waya ce ke yaɗa su. An manta takubba shida saboda faɗuwa ɗaya.

Akwai kuma ɗaya fuskar wannan hali namu, ita ce rashin kula da mutum sai ya ci. Ku dubi Mariam Eniola Bolaji, yarinya mai lalurar ƙafa daga Jihar Kwara, mai buga badminton, wasan nan da ake kaɗa ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu a tsallake raga. A Satumban 2024 ta ciyo lambar tagulla a gasar naƙasassu ta duniya a birnin Paris na Faransa, ita ce ta farko daga Afirka da ta taɓa samun lamba a wannan wasa a can. Kafin ranar mu nawa muka san sunanta? Kocin da ya raine ta ya rasu a haɗarin mota a 2021, ta ci gaba da atisaye ba mai yi mata guɗa. Da ta ci kowa ya ce 'yarmu ce. Ina roƙon Allah ranar da za a doke ta, domin ba kullum ake kwana a gado ba, a samu masu cewa 'yarmu ce har yanzu.

Me ya sa na dame ku da wannan? Saboda yaranmu suna kallo. Yaron da ya ga ubansa yana tsine wa gwanin da ya yi wa kirari jiya, ya koyi cewa ƙauna ta mai nasara ce kaɗai, kuma wata rana a kanmu zai gwada. Mu mata mun fi kowa sanin ɗacin wannan, domin da yawanmu mun ga yadda ake ɗaukar amarya a ka, in ciwo ya zo ko haihuwa ta yi jinkiri sai a nemi dalili a jingina mata. Haka ake yi wa maigida in kasuwa ta karye. A yankinmu kuma da 'yan bindiga suka hana noma, suka kori dubban mutane zuwa ƙasar Maraɗi tun 2019, kokawar dandali ta yi wuya a ƙauyuka da yawa, kusan kowane gida akwai wanda duniya ta kai ƙasa yana jiran hannun da zai ta da shi.

Don haka 'yar uwa, in gwanin gidanku ya faɗi, maigida ya shigo yana huci, ki ajiye masa ruwa, in ya huce ki tuna masa kayen da gwanin ya yi a baya, ki yi a gaban yara su ji. In ɗanki ya faɗi jarrabawa ko 'yarki ta dawo gida da saki, ki tuna al'adar kakanninmu ta dandali, a miƙa hannu, a kakkaɓe ƙasa, a zuba tuwo. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da mu gonakinmu, mu sake jin kiɗan kokawa da kaka a Burkusuma. Amin.

Taku har kullum.